Ruwa Ba Ya Tsami Banza

A wannan wata, filin nan zai yi magana a kan tabki. Tabki dukiya ce ta kowa da kowa. Makiyayi ya shayar da garkensa, mai lambu ya yi ban ruwa, masunci ya jefa koma, mata su yi wanki, magina su buga tubali. Amma akwai wani ciwo da ke kama tabki, kuma mutane da yawa ba su gane shi sai ya yi nisa.

Ga yadda yake farawa. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, ruwa ya ja baya. Sai a wayi gari a ga ruwan ya yi kore kamar miyar kuka. Wata yana ta kwanta a kansa, iska ta tura ta gefe guda ta taru. Wari ya tashi. Wata rana da asuba masunta su iske kifi ya taso sama yana haki, baki buɗe. Kafin hantsi ya juya ciki sama, ya mutu.

Daga nan sai zance ya yi yawa. Wani ya ce guba aka zuba. Wani ya ce aljannun ruwa ne suka yi fushi. Mai lambu ya zargi makiyayi, makiyayi ya zargi mai lambu. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma gaskiya ne. Amma sau da yawa babu wanda ya zuba guba. Tabkin ne ya ci taki har ya yi masa yawa. Kowane makiyayi ya san tunkiyar da ta afka wa hatsi, ta ci har cikinta ya kumbura ta mutu. Hatsi ba guba ba ne, yawansa ne ya kashe ta. Haka tabki yake. Ana iya kiran wannan ciwo ciwon ƙoshi.

Haruffa uku na jikin buhu

Duk wanda ya koyi karatu, in ya duba buhun takin zamani, zai ga haruffa uku: N, P, K. Kusa da su akwai lambobi, kamar 15-15-15. Haruffan nan sunayen abincin shuka ne iri uku. N shi ne azot, mai sa ganye ya yi kore shar. P shi ne fosfor, mai ƙarfafa saiwa da ƙwaya. K shi ne fotas, mai ƙarfafa kara.

Ba cikin buhu kaɗai suke ba. Suna cikin kashin shanu da na awaki, da fitsari, da bayan gida na mutane, da toka, da juji. Wasu irin garin sabulun wanki ma suna da fosfor.

Masu binciken noma sun daɗe da tabbatar da cewa gonakin jigawa na ƙasar Nijar suna da yunwar fosfor. To, abin da gona ke kuka da rashinsa, shi ne tabki ke mutuwa da yawansa. Wannan ita ce babbar maganar da ya kamata a riƙe.

Yadda ciwon ke kashe tabki

Cikin kowane tabki akwai wasu ƴan mitsi-mitsin tsirrai. Ido ba ya ganin guda ɗaya, sai sun taru su zama gansakuka. In ba su da yawa, alheri ne, domin su ne abincin karfasa da ƙananan kifi. Kamar gishiri ne a miya. Amma in taki ya kwararo da yawa, ga rana ga zafi, sai su hayayyafa cikin ƴan kwanaki su rufe ruwan.

Abu na farko, hasken rana ba ya kai wa ƙasa. Ciyawar da ke gindin ruwa, inda kifi ke ƙwai, sai ta mutu.

Abu na biyu, gansakuka ba ta daɗewa. Tana mutuwa tana nutsewa tana ruɓa. Ruɓa kuwa tana cin iska. Kifi yana numfashi da iskar da ke narke cikin ruwa. Da rana tsirrai suna ƙara wa ruwa wannan iska. Da dare ba su ƙarawa, su ma shaƙa suke yi. Shi ya sa iskar ta fi ƙaranci da asuba, shi ya sa kuma kifi ke mutuwa a lokacin. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, don haka ɓarnar ta fi yawa da bazara.

Giwan ruwa shi ke fara mutuwa, sannan karfasa ta bi. Tarwaɗa da gaiwa sukan tsira, domin suna iya tasowa su shaƙi iskar waje. In masunta suka ga komarsu ta daina kawo komi sai tarwaɗa, to su lura da ruwansu.

Abu na uku, duk abin da ya ruɓa yana zama baƙin taɓo mai wari. Taɓo yana ƙaruwa, rairayi na gangarowa daga gonaki, zurfin tabki yana raguwa kowace shekara. Inda ruwa ya zama marar zurfi ga taki, sai kacala ta kafa, kainuwa ta shimfiɗu. An ce kainuwa dashen Allah, amma takin mutane ne ke sa ta cinye tabki. A tabkin Gidimuni na jihar Damagaram, da fadamun Haɗeja da Nguru a Najeriya, kacala ta rufe wuraren su da na noma masu yawa. A kogin Kwara kuma, wajen Yamai, tun kusan shekarar 1990 ake fama da wata baƙuwar kainuwa mai shuɗin fure, wadda asalinta daga Amurka ta Kudu ne.

Haɗari ga dabbobi da mutane

Wata irin gansakuka, mai kama da koren fenti da aka zuba a ruwa, tana iya fitar da dafi. Dafin yana kama hanta ko jijiyoyi. Ba sabon abu ba ne. A shekarar 1878, a ƙasar Ostareliya, tumaki da dawaki da karnuka sun sha ruwan wani tabki mai suna Alexandrina da ya yi irin wannan yana, suka mutu cikin awoyi. A shekarar 2020, a ƙasar Botsuwana, giwaye fiye da 300 suka mutu, gwamnatin ƙasar ta ce dafin gansakuka ne a ramukan da suke shan ruwa. Abin da ya kayar da giwa, ba zai bar maraƙi ba.

Ido ba ya iya rarrabe mai dafi da marar dafi. Saboda haka in yana ta taru a gefe ɗaya, kada a shayar da dabbobi a wannan gefe. Kada yara su yi wanka a ciki. Kada a ci kifin da aka tsinta matacce. Tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta kashe wannan dafi. In dabba ta sha ta fara tangaɗi ko zubar da miyau, a nisanta sauran garken, a kira ma'aikacin kiwo maza-maza.

Ciyawar da ta cunkushe bakin tabki kuma maɓoya ce. Cikinta ƙananan katantanwa ke zama, masu ɗauke da tsargiya, wadda ke sa yara fitsarin jini, da masu ɗauke da tsutsar hanta ta shanu da tumaki. Sauro yana haihuwa a ciki. Tsuntsun jan baki yana kwana cikin kacala, da safe ya faɗa gonakin hatsi.

Tabkin da aka raba biyu

An daɗe ana gardama a ƙasashen Turawa a kan ko mine ne ainihin mai kawo ciwon. Masu kamfanonin sabulu suka ce ba fosfor ba ne. Sai wani masani mai suna David Schindler ya yi gwaji a ƙasar Kanada, a shekarar 1973.

Ya zaɓi wani ƙaramin tabki cikin daji. Ba shi da suna, sai lamba 226. Tabkin yana da kwibi a tsakiya kamar kalangu. Aka shimfiɗa labule mai ƙarfi a wurin kwibin, daga saman ruwa har ƙasa, tabki ya rabu biyu. Gefe ɗaya aka zuba azot da sukari. Ɗaya gefen aka zuba azot da sukari daidai da na farko, aka ƙara fosfor.

Cikin ƴan watanni sai gaskiya ta fito. Gefen da babu fosfor ya zauna garau. Gefen da aka sa fosfor ya yi kore shar da gansakuka. Aka ɗauki hoto daga jirgin sama: tabki ɗaya, ruwa biyu. Hoton nan ya zagaya duniya, ya taimaka wajen sa gwamnatoci da dama su rage fosfor cikin sabulun wanki da cikin ƙazamin ruwan birane. Azot ma yana da nasa laifi, amma a yawancin tabkuna fosfor ne babban mai laifi.

Tabkin da ya warke

Tabkin da ya kamu yana warkewa? Yana warkewa. Ga labarin wani a ƙasar Amurka.

Kusa da birnin Siyatil akwai babban tabki mai suna Washinton. Tsawonsa ya kai kilometir 35. Birni ya yi ta girma, unguwanni suka kewaye tabkin. Wajen shekarar 1955, wurare 10 ne ke tace ruwan bayan gida na unguwannin nan suna zubawa cikin tabki. Daga baya abin ya kai kamar litir miliyan 75 kowace rana, watau tano dubu 375 mai cin litir 200. Ruwan an tace shi, a ido ba shi da laifi sosai. Amma fosfor yana nan cikinsa.

A shekarar 1955 aka ga wata irin gansakuka da aka sani da ɓata tabkuna a Turai. Wani malamin jami'a mai suna Edmondson ya gargaɗi jama'a. Ya ce in ba a daina zuba wannan ruwa ba, tabkin zai lalace. In an daina, zai warke.

Aikin yana son kuɗi masu yawa, kuma jama'a ne za su biya. Aka yi ƙuri'a a watan Maris na 1958, shawarar ba ta wuce ba. Masu son gyara ba su yi fushi ba. Suka koma suka yi ta bayani gida-gida, suka rage girman shirin. A watan Satumba na shekarar aka sake ƙuri'a, jama'a suka yarda.

Aka haƙa manyan bututu aka kewaye tabkin, don a kwashe ƙazamin ruwan a tace shi a wani wuri, a zuba a teku. An fara karkatar da ruwan a 1963, aka gama a 1968. Ana cikin aiki tabkin bai daina wari ba, mutane suna ta gunaguni. Masana suna auna lafiyarsa da farin faranti da suke ɗaurewa da igiya su saka cikin ruwa, su ga inda zai ɓace wa ido. A 1964 faranti yana ɓacewa tun bai kai metir 1 ba. A 1968 ana ganinsa har metir 3. Bayan 1976 ana ganinsa fiye da metir 5.

A lura da abu ɗaya. Ba su zuba wa tabkin wani magani ba. Sun toshe hanyar da taki ke shiga, tabki ya warkar da kansa.

Tabkunan Nijar ba irin wancan ba ne

Tabkin Washinton yana da zurfi ƙwarai, ya wuce metir 60 a wani wuri. Kogi yana shiga, ruwa yana fita, yana wanke shi. Shi ya sa ya warke da sauri.

Yawancin tabkunan Nijar ba su da zurfi, kuma ba su da mafita. Ruwa ya shiga da damina, rana ta shanye shi da rani. A shekara rana tana iya shanye fiye da metir 2. Ruwa ne ke tashi, taki ba ya tashi. Kamar tukunyar miya ce a kan wuta: ruwa na ƙonewa, gishiri na ƙara fitowa. Fosfor yana kwanciya cikin taɓo, in iska ta ƙare a gindin ruwa ko dabbobi suka dama taɓon, sai ya sake tasowa. A ƙasashen da aka bi diddigin tabkuna marasa zurfi, an ga sukan yi shekara 10 zuwa 15 kafin su daidaita bayan an rage taki. Don haka wanda ya fara gyara sai ya yi haƙuri.

Amma akwai abin da ƙauye ya fi birnin Siyatil. Su sun biya kuɗi don su jefar da takinsu a teku. Ƙauye yana da gonaki masu yunwar wannan taki. Duk kwandon da aka hana shiga tabki aka kai gona, riba biyu ce.

Tabkuna kamar Madarunfa ta jihar Maraɗi, da Gidimuni, da Tabalak ta jihar Tawa, an sa su cikin jerin wuraren ruwa masu daraja na duniya. Tabalak a 2005, sauran biyun a 2019. Suna a takarda ba ya tare taki. Mutanen bakin ruwa ne za su tare shi. Ƙaramin tabkin bayan gari ma haka.

Abin da gari zai iya yi

1. A tare ruwa tun daga tudu. Gyaran tabki daga gona yake farawa. Jerin duwatsu, da rabin wata, da tassa, da barin itatuwan da suka tsiro a gona, duk suna rage gudun ruwa. Ƙasa da taki su tsaya a gona, ruwa mai tsabta ya gangara.

2. A bar wa tabki ɗamara. Kada a yi noma har bakin ruwa. A bar fili mai ciyawa kewaye da shi, a dasa gamba da itatuwa. Ciyawar nan rariya ce, tana tace ruwa kafin ya shiga.

3. Mai lambu ya auna takinsa. Kada a watsa takin zamani a sama a bi shi da ruwa mai yawa. A sa kaɗan a gindin shuka a rufe da ƙasa. A gonar hatsi ma haka. A cibiyar binciken noma ta Sadore, kusa da Yamai, an gwada sa giram 6 na 15-15-15 a kowane rami, watau tsunkulen yatsa uku, aka samu ƙarin amfani. Takin da ya gudu zuwa tabki kuɗin manomi ne ya gudu.

4. A gyara mashaya. Maganin ba hana dabbobi ruwa ba ne. Dokar kiwo ta shekarar 2010 ta kare haƙƙin makiyaya na kai garkensu ga ruwa, kuma burtali ba gona ba ne. Abin da ake so, a zaɓi mashaya ɗaya ko biyu a shimfiɗa duwatsu. Dabbobi su sha su fita, kada su yini tsaye cikin ruwa suna kashi. Wurin hutawarsu ya zama nesa kaɗan da baki. Kashin da ya taru a can, manomi da makiyayi su shirya a kansa, kamar yadda aka saba tun kakanni.

5. A raba tabki da bayan gida. A gina salga, kuma ta yi nisan metir 30 ko fiye daga ruwa. Kada a yi juji a hanyar ruwa. Jini da tumbin mahauta, da ruwan majema, a haƙa musu rami daban.

6. Masu wanki su ɗebi ruwa su fita. Ruwan sabulu a zuba shi a ƙasa nesa da baki.

7. A cire ciyawa, kuma a kwashe ta. A yi gayya tun ba ta yi yawa ba. Kacala a yanke ta ƙarƙashin ruwa, domin in ruwa ya rufe kututturen sai ya shaƙe ya ruɓe. A yanke ta kafin ta yi kai, don iska na ɗaukar irinta. Kainuwa a jawo ta waje. Wanda ya yanke ciyawa ya bar ta cikin ruwa bai yi komi ba, ya mayar wa tabki takinsa. A kai ta ramin taki a haɗa da kashin dabbobi. Kacala tana yin tabarma da jinka, a Senegal da Muritaniya har gawayi ake yi da ita. Masu aikin su sa takalman roba saboda tsargiya.

8. Kada a zuba maganin kashe ciyawa ko na ƙwari cikin tabki. Ciyawa za ta mutu gaba ɗaya ta ruɓe, ta shanye iska, kifi ya bi ta.

9. A yashe tabki da rani. In ya ƙafe ko ya ja baya, a kwashe baƙin taɓon a amalanke a kai gona. Tabki ya ƙara zurfi, gona ta ƙara ƙarfi.

10. A riƙa auna ruwa. A ɗaura farin murfin kwano a sanda a saka cikin ruwa, wuri ɗaya, sau ɗaya a wata. In ruwan ja ne, laka ce. In kore ne, kuma murfin ya ɓace kafin santimetir 30, watau bai ko kai kamu ɗaya ba, tabki ya ƙoshi. Wanda ya iya rubutu ya rubuta rana da zurfin a littafi. Bayan shekara biyu ko uku littafin zai nuna ko gyara na ci.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Babu ɗaya cikin ayyukan nan da mutum guda zai iya shi kaɗai. In mai lambu ya gyara, mai wanki bai gyara ba, aikin banza ne. In gari ɗaya ya gyara, garin da ke sama da shi yana sako ƙazanta, aikin banza ne. Ya kamata maigari ya tara sarkin ruwa, da sarkin noma, da shugaban makiyaya, da shugabar mata, da samari. A gayyaci ma'aikatan gandun daji da na noma da na kiwo. A zagaya tabkin da ƙafa, a ƙidaya duk hanyar da taki ke bi yana shiga. A fara da wadda ta fi girma. A yarda a kan doka, kuma dokar ta hau kan kowa, mai kuɗi da talaka, ɗan gari da baƙo.

Lokacin wannan zama shi ne rani, kafin ruwan farko. Ruwan farko shi ke share duk kashi da juji na wata takwas ya kai tabki cikin dare ɗaya. Abin da aka kwashe kafin ranar ya zama hatsi. Abin da aka bari ya zama gansakuka.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.